Akuyar Kaka Milka a Cikin Tabarau

A layinmu na bayan tasha, nan Kafanchan, babu wanda ya naɗa Celestine injiniya. Shi ya sayi fenti ya rubuta wa kansa a saman ƙofar shago, mu kuma muka ga musu da shi ba ya ƙarewa, muka bi. Gyaran waya yake yi da caji. Shagon ɗinkina yana kallon nasa, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi. Wanda ban gani ba shi da kansa ya ba ni labari, na zubar da rabi.

Babu abin da aka taɓa ƙerawa a duniya wanda Celestine bai riga ya yi tunaninsa ba, rashin kayan aiki ne kawai ya sa Turawa suka riga shi. Ya taɓa gyara mini dutsen guga. Har yau yana aiki, sai dai mariƙin ne yake zafi, gindin kuwa sanyi ƙalau.

'Yarsa ɗaya, Miriyam, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Wata safiya tukunyar kunu ta kife mata a ƙafa, ƙaurinta ya saluɓe. Aka kai ta ɗan asibitin unguwarmu, wurin Sista Lucia, nas ɗin da ta yi wa kusan duk yaran layin nan rigakafi. Ƙunar ba ta kisa ba ce, amma sai an riƙa kwance bandeji ana wanke ta, kuma nan ne tashin hankalin. Miriyam takan fara kuka tun daga gida. A asibiti uwarta Afiniki ta danne kafaɗu, ni in danne gwiwa, duk da haka yarinyar ta fizge. Ran Litinin ɗin nan ta shure kwanon magani ta shige ƙarƙashin gado, aka rufe ciwon ba a wanke shi yadda ya kamata ba.

Sista Lucia ta gaya wa Afiniki gaskiya. Ciwon ya fara ruwa. Idan ran Alhamis ba a samu an wanke shi sosai ba, za ta tura su babban asibiti, a kwantar da yarinyar, a sa ta barci a kankare wurin. Afiniki ta fito da jan ido.

Celestine kuwa ko sau ɗaya bai taɓa shiga ɗakin wankin ba. Kullum yana da kwastoma. Yakan raka su har bakin asibiti, da zarar kukan farko ya tashi sai ya tuna ya bar wayar wani a buɗe. Duk layi mun san dalili. Mutumin yana son yarinyar nan kamar ransa, kuma ba ya iya jin kukanta. Ni kaina na gan shi a bayan shago ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Da ya gan ni sai ya ce yana gwada wani sabon salon sauraron netwok.

A ranar ce Sista Lucia, garin hira, ta ambaci wani abu da aka nuna musu a wani taron horarwa. Tabarau ne babba da ake sa wa yaro, ya ga kansa a wata duniya, duk inda ya juya kai duniyar tana nan. Hankalinsa ya tafi can, tsoro ya ragu, zafin ma ya ragu, har a gama abin da za a yi. Ta ce abin gaskiya ne, tana fata wata rana ya iso irin asibitinmu.

Celestine ya yi dariyar tausayi. Ya ce sunan abin Bi-Ar, kuma shi ya san shi tun kafin a sa masa suna. Ba komai ba ne illa kwali da gilashi biyu da waya. Ya ce ran Alhamis Miriyam ba za ta ma san an taɓa ta ba, daga nan kuma sai asibitocin Kagoro da Fadan Kaje da Samaru Kataf, kowanne ya zo ya yi layi.

"Baban Miriyam," in ji Afiniki, "ban ce ka ƙera wani abu ba. Ka shiga ciki ka riƙe yarinyan nan kawai. Kai take kira."

"Riƙe yaro aikin mutanen da ne," ya ce. "Yanzu muna zamanin teknoloji."

Kafin la'asar ya yanka kwalin taliya, ya ciro gilasan ƙara girma da yake duba cikin waya da su, ya yanko robar tiyub wurin mai faci. Ya kawo mini ya ce in lulluɓe masa da baƙin yadi domin ya yi kama da na ƙasar waje. Na tambaye shi ladan ɗinki, ya ce sunana zai shiga tarihi. Na ɗinka, don Miriyam.

Saura gwaji. Maƙwabcin shagonsa Malam Nuru ne, mai sayen citta, mutum mai magana a hankali wanda ban taɓa ganin haƙoransa a dariya ba. Shekara da shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kullum cikin gardama, kuma ran da ɗaya bai fito ba ɗayan ba ya iya cin abinci. Aka yi sa'a, in ji Celestine, ɗan Malam Nuru, Irfan, ya taka ƙaya tana cikin diddigensa, ya hana kowa taɓawa. Malam Nuru ya ce shi bai ga sa'ar ba, amma ya yarda.

Aka zaunar da Irfan a benci. Celestine ya sauko da bidiyon ƙarƙashin teku, ya zura waya a kwali, ya ja robar ya ɗaure masa a kai. Yaron ya yi tsit. Ya miƙe sambal, hannuwa a manne da jiki. Celestine ya juyo yana kallon 'yan acaɓar da suka taru, ya ce su shaida, ko motsi ba ya yi.

Malam Nuru ya leƙa fuskar ɗansa ta ƙasan kwalin. Ya ce lallai ba ya motsi, kuma numfashi ma ba ya yi.

Yaron ya ga kansa a cikin ruwa, ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya riƙe numfashi. Kumatunsa sun kumbura, wuyansa ya yi jijiya. Kafin a kai hannu a cire, wani ƙaton kifi ya taso masa daga hagu da baki buɗe. Irfan ya kai masa shuri da ƙafar mai ƙaya. Kifin bai ji komai ba, teburin caji ne ya ji. Wayoyin mutane suka watse har cikin kwata, robar tiyub ta tsinke ta tsula wa Celestine a kunne.

"Injiniya," in ji Malam Nuru, yana shafa bayan ɗansa, "yaron da ko rafi ban bari ya je, ka kai mini shi teku ba sallama."

Celestine, hannu a kunne, ya ce a duba diddigen. Aka duba. Ƙayar ta fita wurin shurin. Ya ce to, me ake nema kuma? Malam Nuru ya ce in haka aikin yake, shi ma yana da katanga a gida, yaro zai iya shurinta kyauta.

Da safe Celestine ya fito da bayani. Laifin ba na tabarau ba ne, na Turawa ne, da suke zaton kowa ya saba da teku. Yaranmu abin da suka sani za a nuna musu, gida da dutse da inuwar mangwaro. Ya je wurin Saifuddeen mai ɗaukar hoton biki, ya aro wata 'yar kyamara mai ido gaba da baya, wadda take ɗaukar ko'ina a lokaci ɗaya. Saifuddeen ya fara yi masa bayani, Celestine ya ce kada ya wahalar da kansa. Abu ɗaya kawai ya yarda ya saurara: a kafa ta a kan sanda, mai ɗauka ya ɓuya, in ba haka ba shi ma zai fito.

Ya hau acaɓa zuwa Kagoro, gidan surukarsa Kaka Milka, uwar Afiniki, a gindin dutse. Wuri ne da Miriyam take so fiye da ko'ina. Ya kafa sanda a tsakar gida, kusa da tabarmar da aka shanya masara, ya danna, ya lallaɓa bayan rumbu. A bayan rumbun kuwa aka ajiye masa kwanon fate mai zafi, da yakuwa da gyaɗa. Da ya gama da kwanon sai ya ji ya kamata injiniya ya ɗan jingina. Da ya farka ya cire kyamararsa ya yi sallama a gurguje. Ya lura fuskar tsohuwar ba walwala, ya ɗauka ba ta fahimci teknoloji ba ne.

A shago ya duba farkon bidiyon. Ga dutsen Kagoro, ga mangwaro, ga 'yan tsaki suna bin uwarsu, ga masara tana shan rana. Na ce masa ya kalla har ƙarshe. Ya ce mai ɗinki ne yake juya riga ya duba bayanta, shi ya san abin da ya ɗauka.

Gwaji na biyu ran Laraba aka yi, a kan Khairat, ƙanwar Irfan, wadda kitso yake sa ta kuka kamar ana yanka ta. Uwarsu A'i ta fara cewa ba ta san yadda ake kitsa kai da kwali a gaba da roba a ƙeya ba. Celestine ya ce ta kitsa inda ta samu. Gaskiya a faɗe ta, abin ya fara aiki. Khairat ta daina kuka tana kiran 'yan tsaki, A'i ta ja layi ɗaya ba a ji ƙara ba. Celestine har ya fara gaya wa 'yan acaɓa irin motar da zai saya.

Sai waya ta yi ƙara a fuskar yarinyar. Ashe tasa ta fashe a hatsarin teku, wannan ta wani kwastoma ce da aka kawo gyara, bai cire layin ba. Garin fizgo kwalin wani ya danna wurin amsawa, muryar wata mata ta cika layin tana tambayar ina ya kwana jiya. Khairat ta amsa da ladabi cewa a ɗakin Umma. Matar ta fara magana da sauri, aka kashe. Mai wayar ya zo da yamma, ya daɗe a shagon, mun ji komai.

Da haka aka shiga Alhamis ba wanda ya taɓa ganin bidiyon nan ya wuce wurin 'yan tsaki.

Ni na ɗauka bayan wannan zai yi abinsa a ɓoye. Ina. Ya gayyaci mai unguwa. Ya gayyaci 'yan acaɓa. Matan zumunta na cocinmu dama sun shirya zuwa yi wa Miriyam addu'a, ya ce su taho da ankonsu domin za a ɗauki hoto. Malam Nuru ya rufe shago ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Sista Lucia ta fito ta ga taro a barandar asibiti kamar ranar rigakafi, ta ce ba wanda zai shiga sai iyaye. Aka yi ta roƙo har ta yarda a bar ƙofa da taga a buɗe, a sa wa mai unguwa kujera daga bakin ƙofa, ni kuma in shiga domin ni nake riƙe gwiwa.

Celestine ya tsaya a baranda ya yi jawabi. Ya yi maganar Turawa, ya yi maganar rashin kayan aiki, ya ce yau Kafanchan za ta shiga taswira. Mai unguwa ya ce shi a saninsa tana ciki. Shirin Celestine shi ne ya ɗaura wa yarinyar tabarau, ya fito waje ya tsaya da manyan baƙi, domin injiniya daga nesa yake lura da aikinsa.

Miriyam tana kan gado, ta ƙanƙame hannun uwarta. Ta rame a 'yan kwanakin nan, idanun sun yi zuru-zuru. Da ta ga baƙin kwalin ta kau da kai. Irfan ya riga ya gaya mata akwai kifi a ciki. Uban ya ce babu kifi, gidan Kaka ne. Ya rantse, ya lallasa, ya yi alkawarin biskit. Ta dube shi.

"Kai ka fara sa."

Ya ce injiniya ba ya sa abin da ya ƙera, ƙa'ida ce. Daga taga Malam Nuru ya ce shi ma ya taɓa jin wannan ƙa'idar, wurin wani mai maganin ɓera. Matan zumunta suka yi ƙasa da kai. Celestine ya dubi mai unguwa, ya dubi ƙofa, ya ga ba hanya. Ya ce zai sa na ɗan lokaci don yarinya ta ga ba komai. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya ja sabuwar robar, ya ƙure ƙarar waya domin baƙi su ji kukan tsuntsaye.

Da farko lafiya lau. Yana juya kai yana ba da rahoto: ga dutse, ga mangwaro, ga kaza. Ya ce duk wanda ya shiga nan ko ƙafarsa aka yanke ba zai sani ba. Afiniki ta ce ya gyara maganarsa.

Sai muka ji takun silifa daga cikin wayar. Celestine ya katse rahoto. Ya cire hannu daga aljihu. Kafin mu ankara ya durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye, yana fuskantar taga.

"Sannu Mama," ya ce.

"Yauwa, sannu ɗana," in ji Malam Nuru daga tagar. "Ya gida?"

Kaka Milka ce ta shigo bidiyon. A wajenmu ba a gaida suruka a tsaye, kuma gwiwar Celestine ba ta tsaya tambayar ko ta gaske ce ba. Muryar tsohuwar ta fito tar, kusa da kyamara, da alama ta sa ido tana leƙen abin. Ta tambayi wannan sandan na wane ne aka kafa mata a tsakar gida. Sannan ta yi tsaki, ta ce da kanta, amma duk baranda ta ji: "Mutum yarinyansa yana ciwo, shi ya zo yana ɗaukan hoton kaji."

Ba wanda ya yi dariya. Celestine ya ƙara sunkuyar da kai. Raina ya sosu, domin maganar ta same shi inda yake ciwo, kuma a gaban mutane.

Tsohuwar ta ɗaga murya ta kira sunansa, ta ce za ta leƙa maƙwabta, ya lura mata da masaran nan. Daga nesa muka ji wata murya, baki cike da fate, ta ce, "To Mama." Takun silifa ya yi nisa. Sai kukan akuya.

Wanda bai tashi a ƙauyukanmu ba sai an yi masa bayani. Aikin farko da ake ba yaro a nan, tun kafin ya iya ɗaura wando, shi ne gadin shanya. A zaunar da kai gaban masara ko acca ko citta, a ce in akuya ta sa baki jikinka zai gaya maka. Kuma yakan gaya maka. Duk wanda ya sha wannan horon, ko ya zama babban mutum a Abuja, ba zai ga akuya ta nufi tabarma ya zauna ba. Celestine a Fadan Kaje ya tashi, a hannun kakar da ba ta wasa da hatsinta.

"Kai," ya ce a hankali, har yanzu yana durƙushe.

Akuyar ba ta ji ba. Mun ji ƙarar haƙoranta a kan masara, ƙurus ƙurus.

"Kai. Wuce."

Hannunsa ya fara lalube a ƙasa yana neman dutse. Ya samu takalmin Afiniki. Ya auna, ya jefa. Takalmin ya bi ta ƙofa ya ɗauke hular mai unguwa. Mai unguwa ya bi hular da kallo.

Celestine ya miƙe ya yi kanta. Abin da bai tsaya ya ji daga bakin Saifuddeen ba shi ne, a irin wannan bidiyon kana iya juyawa ko'ina amma ba ka iya matsawa. Duk takun da ya yi, akuyar tana nan inda take, tazara ɗaya, tana cin masarar surukarsa tana kallonsa. Ya ƙara sauri. Ya shiga labulen da yake raba ɗakin, labulen ya tsinke ya naɗe shi. Ya fito ta ɗaya gefen da ƙafa ɗaya a cikin bokitin goge ƙasa. Ya rungumi sandar rataye ƙarin ruwa, da ya ji sanda ce a hannunsa sai ya gyara mata riƙo, ya ɗaga. Sista Lucia ta janye kwanon magani daga hanya ba tare da ta tashi ba.

Sai muka ji wani sauti da muka manta da shi. Miriyam ce take dariya. Ƙaramar dariya da farko, mai haɗe da majina, sannan ta sake ta gaba ɗaya har tana riƙe ciki. Tun ran da kunu ya zuba ba wanda ya ji wannan.

Sista Lucia ta dube ta, ta dubi uban, ta dube ni. Ta jawo kujera a hankali ta ɗauki almakashi. Ta ce, ba da ƙarfi ba, kada wanda ya kuskura ya cire masa kwalin nan.

Ta jiƙa bandejin ta fara ɗagawa. Miriyam ta zabura, fuskarta ta yamutse, bakin ya buɗe zai saki kuka. Daidai nan uban ya kai wa iska duka da sanda, ƙafar bokiti ta zame, ya zauna daram a kan sikelin auna jarirai. Allurar sikelin ta zagaya ta rasa inda za ta tsaya. Kukan ya koma ciki.

"Baba, yana bayanka," in ji Miriyam.

Ya juya da sauri. Malam Nuru, wanda ya fahimci abin da ake ciki kafin kowa, ya ce a'a, ta koma hagu. Wata daga matan zumunta ta ce ga shi can wajen rumbu. 'Yan acaɓa suka kama, kowa da inda ya ga akuya. Celestine yana ganinta sarai a gabansa, amma mutane da yawa haka ba za su yi ƙarya ba, sai ya ɗauka akuyoyin sun ƙaru. Ya yi ta juyi, labule yana binsa, bokiti yana ƙara.

Ba zan ce yarinyar ba ta ji zafi ba. Ta ji. Gwiwarta tana hannuna, ina jin tana tsalle duk sanda auduga ta taɓa naman. Hawaye yana zuba, dariya tana fita, wani lokacin ba ka rarrabe su. Amma idonta bai bar ubanta ba, kuma ba ta fizge ba. Sista Lucia ta wanke ciwon nan tas, lungu da saƙo, ta shafa magani, ta naɗa sabon bandeji fari sol. Afiniki tana kuka shiru, hannu a baki.

Batir ne ya ceci Celestine. Wayar ta mutu, duniya ta yi duhu, ya tsaya yana haki. Ya ɗaga kwalin zuwa goshi. Ya ga labule a kafaɗarsa, ya ga bokiti, ya ga fuskoki cike da ƙofa da taga. Ya ga mai unguwa riƙe da takalmin mace. Sannan ya ga ƙafar 'yarsa.

Ya daɗe yana kallon bandejin. Sai ya gyara tsayuwa, iyakar yadda mai bokiti a ƙafa zai iya, ya ce to, kowa ya gani. Na Turawa yaro ne yake sawa. Nasa kuwa, wanda ya inganta, uba ne yake sawa. Haka ya tsara tun farko.

Malam Nuru ya ce shi dama ya yi zargin haka tun wurin gaisuwar. Mai unguwa ya miƙa takalmin ya ce asibitocin Kagoro da Samaru Kataf su ɗan dakata tukuna. Afiniki ta share ido ta ce ashe shi ne, shekaranjiya Mama ta kira tana faɗa akuya ta cinye mata shanya, an bar wa wani gadi ya yi barci. Baranda ta fashe. 'Yan acaɓa suka tafi da labarin, kafin azahar ya kai kasuwa, kafin yamma yara suna bin Celestine a layi suna kukan akuya.

Sista Lucia ta ce ciwon ya yi kyau, ba maganar babban asibiti, amma akwai sauran wanki har sai ya rufe. Celestine ya zare ƙafarsa daga bokiti, ya fara cewa ran nan yana da kwastoma da yawa. Miriyam ta kamo bakin rigarsa.

"Baba, in an zo kuma, za ka kori akuyan?"

Ya ce zai duba.

Ya zo. Ya zo wankin gaba, da na bayansa, da duk wanda ya biyo. Sista Lucia ta riƙa kwashe kayan fashewa kafin su iso, ta bar masa labule da bokiti. Yakan durƙusa ya gaida surukarsa, ya saurari maganar hoton kaji daga farko har ƙarshe, sannan akuya ta shigo. Taron ya ragu, daga baya sai Malam Nuru kaɗai yake zuwa taga.

Ran wankin ƙarshe ina zaune a kan keken ɗinki na ga sun wuce, Miriyam tana takawa da ƙafarta, uban yana riƙe da baƙin kwali a hammata. Can na ɗaga kai na hango shagonsa. Wayar kwastoman da yake zurawa a kwalin tana kan tebur, mai ita ya zo karɓa yana jira. Na so in tura a gaya masa ya yi mantuwa, sai na fasa, na rufe shago na bi su.

Daga bakin ƙofa na gan shi. Kwalin yana fuskarsa, ba komai a ciki sai gilashi biyu da duhu. Ya durƙusa ya ce sannu Mama. Ya jira daidai tsawon maganar tsohuwar. Ya lalubi takalmi, ya shiga labule, ya sa ƙafa a bokiti. Da Miriyam ta ɗan ja numfashi don zafi, na ga kafaɗarsa ta girgiza, amma bai nufi ƙofa ba. Ya ƙara ɗaga sandar.

Da aka gama ya fito yana share gumi. Malam Nuru ya dubi kwalin, ya ga ramin da waya take shiga fayau. Ya dubi Celestine.

"Injiniya, yau ka kama ta?"

"Saura kaɗan," in ji Celestine. Ya sunkuya ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa, ko da yake tana iya tafiya.